Katin Kwana Biyu na Kawu Dezso

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyenmu ya san Kawu Dezso, in ma bai gan shi ba to ya ji shi, domin muryarsa tana riga shi isa ko'ina. Yayan mahaifiyata ne. Ya taɓa yin gadi na wata bakwai a Budapest tun ba a haife ni ba, kuma da wannan wata bakwai ɗin ya naɗa kansa masanin birnin, har yana gyara wa waɗanda aka haifa a can sunayen titunansu. Shekararsa hamsin da tara. Tun ina aji shida shekararsa hamsin da tara. Na bar makaranta na koma taya Baba aikin yumɓu, yana nan a hamsin da tara bai motsa ba, kuma duk safiyar Asabar sai ya rina gashin bakinsa ya yi baƙi ƙirin don kada wani ya yi masa gardama.

Babana Kalman maginin baƙaƙen tuluna ne. Ya rasu a watan Afrilu, itatuwan bayan gida suna cikin fure. Bai taɓa riƙe wayar hannu ba, saboda haka da ya tafi ya tafi da muryarsa gaba ɗaya, bai bar mana ko tari ba. Wata biyar gidanmu shiru. Faifan da yake juyawa da ƙafa ya yi ƙura, ni kuma na kasa taɓa shi. Mama Piroska takan dafa abincin mutum uku, ta zuba na biyu, ta tsaya tana kallon sauran.

Sai ga wasiƙa daga wani ƙaramin gidan tarihi a Budapest. Shekara biyu baya wata mata ta zo daga can da kyamara ta ɗauki Baba yana aiki, mu har mun manta. Wasiƙar ta ce ana nuna hoton a wani lungu na ɗakin sana'o'in ƙauye, minti shida ne, kuma yana magana a ciki. Ranar Lahadi da ƙarfe biyar na yamma za a rufe, a kwashe komai.

Mama ta karanta sau biyu, ta ninke takardar ta sa a aljihun riga.

"Ina son in ji muryarsa," ta ce.

Kafin ruwan shayi ya tafasa Kawu ya ji labari, ya shigo da lemarsa a hammata ko da yake babu hadari.

"Budapest? Ku kaɗai? Ai kafin ku fita daga tasha an sayar da ku. Ni zan kai ku. Kuma Etelka ma za ta zo, ba ta taɓa ganin birni a hannun wanda ya san shi ba."

Gwaggo Etelka maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu, ta ƙauro ƙauyenmu shekara uku da suka wuce. Ta ce wa kowa shekararta sittin da biyu. Tun zuwanta Kawu yake faskara mata itace, ko da bazara ne.

Safiyar Asabar muka sauka a babbar tashar jirgin ƙasa. Gwaggo tana rungume da kwando: soyayyen kaza, dafaffen ƙwai goma, burodi da barkono. Kawu ya ja mu kai tsaye zuwa wani ɗan ofis inda ake sayar da katin baƙi.

"Ku buɗe kunne," ya ce. "Baƙauye yakan sayi tikiti ɗaya-ɗaya kamar mai sayen ashana. Wayayye kati yake saya. Kwana biyu, duk abin da ke da ƙafa a garin nan ka hau kyauta, gidan tarihi goma sha shida ka shiga kyauta, har da wanka. Na uku kawai za mu shiga kuɗinmu ya dawo. Daga na huɗu birnin ne yake biyan mu."

Mama ta duba takardar da ke jere da sunayen gidajen, ta bi ta da yatsa har ƙasa.

"Yaya, ban ga inda Kalman yake ba."

"Ba ya ciki. Wannan da kuɗi ake shiga. Shi za mu sa a ƙarshe, in mun gama cin ribar kati. Har biyar ɗin gobe fa, Piroska. Me ake gaggawa?"

Yarinyar da ke sayar da katin ta leƙo ta taga.

"Akwai wanda ya kai sittin da biyar a cikinku? Don su dama kyauta suke hawan komai, katin shaida kawai za su nuna."

Kawu ya murza gashin baki.

"'Yata, dube mu da kyau. Asibiti kika ga an kwaso? Huɗu za ki ba ni."

Gwaggo Etelka ta sunkuya tana gyara ƙyallen da ke rufe da kwando. Mama ta kalli silin. Yarinyar ta miƙo kati huɗu na kwali da biro, ta ce kowa ya rubuta sunansa da rana da sa'ar da ya fara, in babu rubutun nan katin banza ne. Mu uku muka rubuta da bironta. Kawu ya ture biron, ya zaro tsohon alƙalaminsa na tawada, wanda ya ce da shi ya sa hannu a takardar aikin gadi, ya zana sunansa da wata doguwar jela.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka fara nema. Matakalar da ke kai mutum can mai tafiya da kanta ce, doguwa kamar rijiya, ga sauri. Gwaggo ta tsaya a bakinta tana addu'a.

"Ba a riƙe komai," in ji Kawu. "Riƙo shi ke tona asirin baƙo. Ku kalle ni."

Ya hau, ya juyo ya fuskance mu, hannu biyu a aljihu, yana yi mana bayanin zurfin ramin. Yana cikin bayanin matakalar ta ƙare. Dugadugansa suka tsaya, sauran jikinsa bai tsaya ba. Abin da ya fi kusa da shi ya cafka, wato kwandon Gwaggo. Ƙwai goma suka bazu a tashar, kowanne da inda ya nufa. Mutanen birni da ake cewa ba sa kula kowa sai ga su a durƙushe suna farautar ƙwai. Wani mai kwat da jaka ya kawo wa Gwaggo biyu a tafin hannu.

"Uwa, ga naki. Na ukun ya shiga jirgi."

Kawu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Sun ƙara mata gudu. A zamanina ta fi haka ladabi."

A gidan tarihi na farko, na zane-zane, aka ce kwando ba ya shiga, aka karɓe shi aka ba Gwaggo wata 'yar lamba. Kawu ya cire agogonsa ya riƙe a hannu. Doka ce, in ji shi, minti goma sha biyu kowane gida, ba ƙari. Ya ɗaga lema sama, muka bi shi a guje kamar waɗanda ake kora daga gona. A gaban wani babban zane na mutum a kan doki ya ja birki.

"Etelka, ga sarkin da ya kori Turkawa. Dubi idonsa."

Mai gadin ɗakin, wani siriri mai tabarau, ya ce daga kujerarsa, "Makiyayin dawaki ne. Ga shi a rubuce."

"An canja rubutun. Lokacin da nake garin nan sarki ne."

"Zanen ya fi shekara ɗari a makiyayi."

"To ina makiyayi ya samo wannan zoben?" Kawu ya tsallaka igiya ya kai tsinin lema har kusa da yatsan mutumin. Ƙararrawa ta ɗauki kuka. Masu gadi uku suka fito daga ƙofofi uku. Ba a kore mu ba, raka mu aka yi har titi, kuma Kawu ya duba agogo ya ce minti tara kacal, mun samu rarar uku.

Daga nan muka hau jirgin titi, ruwan ɗorawa, mai ƙararrawa. Muka yi ta tafiya. Dogayen gidaje suka koma gajeru, gajerun suka koma shinge.

"Kawu, anya ba baya muke yi ba? Kogin ya ɓace."

"Ambrus, kai da ka bar makaranta a aji takwas kake koya mini kogi? Ko baya ne, kowace tasha muka ƙara riba ce. Da tikiti ne da yanzu kana kuka."

Jirgin ya tsaya a inda layinsa ya ƙare, tsakanin wasu rumbunan ajiye kaya. Babu kowa sai wani kare da ya zo ya shinshina takalmin Kawu ya wuce. Nan yunwa ta taso, nan kuma Gwaggo ta sa hannu a aljihu ta ciro 'yar lamba.

"Dezso, kazata tana wurin sarkinka."

Muka dawo cikin gari da ciki yana ƙugi. Muka shiga wani gida mai cike da tsofaffin makullai, muka shiga wani mai tsuntsayen da aka cusa wa auduga. Na huɗu Kawu ya ce gida ne na musamman, ba kowa ya san ƙofarsa ba, ta wani lungu ake bi. Muka bi lungun, muka tura ƙofa, sai ga siririn nan mai tabarau yana shan shayi.

"A'a, mai sarki. Ka dawo?"

Gidan farko ne, ta baya muka ɓullo masa. Matar da ke duba kati ta ce sau ɗaya ake shiga kowane gida. Amma ta ba mu kwandon. Kawu ya karɓe shi ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu.

"Kin gani? Da gangan na biyo da mu ta nan. Komai a lissafe yake."

"Har ƙwan da ya shiga jirgi?"

"Shi ma kyauta ya hau."

Gida shida muka zaga ranar. Ban riƙe komai daga cikinsu ba sai abu ɗaya. A na ƙarshe, cikin wani akwatin gilashi, akwai wani tsohon baƙin tulu, ba na Baba ba, na wani ne da ya mutu tun kakanni. Mama ta tsaya a gabansa. Ta ɗora tafin hannu a gilashin, daidai inda cikin tulun ya fi faɗi, kamar yadda takan dafa kafaɗar Baba in ta zo kiransa cin abinci. Hasken taga ya sauka a kan yatsunta. Ni na juya baya don kada ta ga fuskata.

"Minti sha biyu sun cika," in ji Kawu daga bakin ƙofa.

A gidan wata 'yar'uwarmu muka kwana. Da gari ya waye Mama ta riga kowa sa takalmi, ko da yake ƙafafunta sun kumbura har igiyar ba ta ɗauruwa.

"Yau da safe za mu je, Yaya."

"Da waɗannan ƙafafun? Ki tsaya a gaban Kalman kina ɗingishi? Akwai wankan ruwan ɗumi a cikin kati. Awa ɗaya ki jiƙa su, ki je masa a miƙe."

Wannan karon maganarsa da ɗan gaskiya, sai Mama ta yarda.

A gidan wankan kowa aka ba shi akwatin ajiye kaya mai makulli. Na sa katina a aljihun wando na kulle. Kawu ya girgiza kai.

"Ɓarayin birni da haƙori suke buɗe irin wannan." Ya ninke katinsa ya tura ƙarƙashin hular roba da ya sa a kai. "Sai dai su sace kan."

Mata suka nufi nasu ɓangaren, mu muka shiga babban tafkin da ke tururi. A tsakiyar ruwan wasu tsofaffi sun ɗora allon dara a kan dakali suna bugawa, ruwa har ƙirji. Kawu ya kutsa tsakaninsu. Minti biyar bai yi ba ya fara ba da shawara. Rabin awa ya gaya musu ya taɓa cin zakaran gundumarmu da ido a rufe. Tururi yana ta aikinsa. Wani baƙin layi ya gangaro daga gefen bakinsa, ya bi haɓa, ya ɗiga a kan allon.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ɗago kai a hankali.

"Ɗan'uwa, gashin bakinka yana yoyo."

Kawu ya sa hannu ya shafa, abin ya bazu har kunne. Ya yi wuf ya nutsa kai cikin ruwa don ya wanke. Kan ya fito, hular ba ta fito tare da shi ba. Can gefe ta taso tana lilo, katin kuma yana binta a baya kamar ɗan agwagwa. Ni na kamo shi. Sunan Kawu da doguwar jelarsa, da ranar, da sa'ar, duk sun bi ruwa. Saura wani shuɗin tabo mai kama da gajimare.

"Ba ka ga komai ba," ya ce mini.

"Ai babu abin gani, Kawu. Shi ne matsalar."

Da muka haɗu a waje Gwaggo ta tsaya ta ƙare masa kallo. Gashin bakin nan ɓarin hagu fari fat, ɓarin dama kamar toka.

"Ruwan ne," in ji Kawu tun ba a tambaye shi ba. "Akwai gishirin ƙasa a ciki mai cin launi. Yaro ma in ya daɗe da furfura yake fitowa."

"To ga Ambrus da gashinsa."

"Shi bai nutsa ba."

Ƙarfe ɗaya ta yi. Mama ta ciro wasiƙar, amma Kawu ya riga ya buɗe takardar jerin wuraren da katin ke shiga. Saura abu ɗaya tak, in ji shi, jirgin da ke hawa dutse da haƙora, wanda duk wanda bai hau ba bai zo Budapest ba. Minti ashirin hawa, minti ashirin sauka. Muka hau. A saman dutsen aka ce ana hango birnin gaba ɗaya, amma yayyafi ya rufe komai, abin da muka hango shi ne wata mata da karenta. Kawu ya ce ya san wata gajeriyar hanya ta cikin itatuwa zuwa wata tasha. Gajeriyar hanyar ta ci awa ɗaya da rabi da dugadugan takalmin Gwaggo, ta kuma dawo da mu tashar da muka baro. Ranar ce kaɗai aka buƙaci lemar, ita kuma tana gidan wanka.

Ƙarfe huɗu da minti biyar muka samu jirgin titi mai komawa cikin gari, cike da mutane. Mama tana zaune, wasiƙar a hannunta ta jiƙe. Kawu yana tsaye yana bayyana wa wani ɗalibi cewa sau uku za mu canja jirgi, amma a hannunsa abin wasa ne.

Sai wata mata mai jaka a kafaɗa, wadda muka ɗauka fasinja ce, ta zaro wani ƙyalle ta ɗaura a damtse.

"Tikiti, don Allah."

Na nuna nawa, Mama ta nuna, Gwaggo ta nuna. Kawu ya zaro nasa da yatsa biyu, ya wulga shi a gaban idonta zai mayar aljihu. Ta riƙe hannunsa.

"Wannan mene ne?"

"Katin kwana biyu. Na manya."

"Ina sunan? Ina ranar?"

"Suna ciki. Sun ɗan shige ne."

"Baba, wannan jiƙaƙƙen kwali ne."

"Wa ye babanki? Ni sa'an yayanki ne."

"To Yaya, tara za ka biya. Ko nan take, ko ka ba ni katin shaida in rubuta maka."

Nan take ba zai yiwu ba, aljihun Kawu katunan nan huɗu sun yashe shi tun jiya. Katin shaida kuwa, ya dafe ƙirji kamar an ce ya ciro zuciyarsa.

"Ba na nuna wa kowa katin shaidata a bainar jama'a. Na yi aikin tsaro a garin nan. Akwai abubuwan da ba a nunawa."

"Gadi ya yi," in ji Gwaggo.

Wata tsohuwa mai jakar kabeji ta ce, "Ka ba ta mana, mutum. Hoton ne ya yi muni?"

"Ba zai fi na yanzu ba," in ji wani daga baya.

Jirgin ya ɗauki dariya. Mai duba tikitin ba ta yi ba. Ta ce in ba kuɗi ba shaida, to a tasha ta gaba za su sauka tare su jira 'yan sanda, kuma ranar Lahadi 'yan sanda ba sa sauri. Na duba agogon da ke manne a jirgin. Huɗu da minti ashirin.

"Mu jira su," in ji Kawu. "Shugabansu ma wataƙila na san shi. Piroska, ku sauka tare da ni, ba za ku gane hanya ba in ba ni."

Mama ta miƙe. Wata biyar ban ga ta miƙe da sauri haka ba. Ta sa hannu cikin aljihun kwat ɗin yayanta kamar mai ciro ƙwai daga ƙarƙashin kaza, ta zaro walat ɗinsa, ta cire katin ta miƙa wa matar.

"Piroska, ni ne fa babba."

"Shi za ta gani yanzu."

Matar ta duba katin. Ta duba Kawu. Ta sake duba katin, ta rufe littafinta.

"Baba, shekararka sittin da tara. Me ya kai ka sayen kati? Shekara huɗu ke nan kyauta kake hawa, jirgin titi, bas, jirgin ƙasa, duka."

Ba ta ɗaga murya ba, amma jirgin ya yi tsit daidai lokacin, har direba ya ji. Tsohuwa mai kabeji ta fara dariya, sauran suka karɓa. Ɗalibin nan ya tashi ya ba Kawu kujera, wannan kuwa ya fi dariyar ƙona shi.

"Kuskure ne na ofis," in ji Kawu, murya ta sirance. "Biyar suka rubuta ta koma..."

Bai ƙarasa ba, don Gwaggo Etelka yake kallo. Ita kuwa ta buɗe jakarta a hankali, ta ciro nata katin shaidar ta miƙa wa matar.

"Duba mini nawa ma, 'yata, tunda yau ranar ce."

"Sittin da bakwai. Ke ma haka, Uwa."

"Na sani. Jiya a tasha na so in faɗa, sai na ga yaro ɗan hamsin da tara yana zawarcina, na ce kada in kore shi."

Wani ya tafa, jirgin ya ɗauka. Kawu ya zauna a kujerar ɗalibin yana kallon gwiwoyinsa. Mama ba ta tsaya sauraron tafi ba, ta miƙa wa mai duba tikitin wasiƙar ta nuna mata adireshin.

"Ta ina za mu bi? An ce sau uku za mu canja."

"Wa ya ce? Ku zauna a nan har babbar tashar jirgin ƙasa. Ku bi ta gefen mai sayar da furanni, ƙofa ta biyu mai kore. Minti uku ne a ƙafa."

Wato jiya da safe, da muka sauka daga jirgi, Baba yana nan bayan katanga yana magana, mu kuma muka juya masa baya muka tafi farautar ƙwai.

Biyar saura minti bakwai muka tura koriyar ƙofar. Wani dattijo yana tattara makullai. Kawu, don hali ba ya mutuwa a rana ɗaya, ya fara lalubar jiƙaƙƙen kwalinsa.

"Ba ma karɓar kati a nan," in ji dattijon. "Kuma mun kusa rufewa."

"Ni ce matar Kalman," in ji Mama. "Mai tuluna."

Dattijon ya ajiye makullan. Bai karɓi ko forint ɗaya na kuɗin shiga ba. Ya kai mu wani lungu mai benci ɗaya da ƙaramin allo a bango, ya danna wani abu.

Hannuwan suka fara fitowa, jiƙe da yumɓu, da tabon ƙuna a babban yatsa. Sai ƙarar faifai, wannan ƙarar da na tashi da ita kowace safiya ta rayuwata. Sai muryar. Ta fi yadda nake tunawa kauri, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a kai. Yana cewa daga bayan gonar surukinsa yake ɗebo yumɓun, sai ya kwana uku a jiƙe. Mama ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi, ban janye ba.

Matar da ke ɗaukar hoton ta tambaye shi da me yake sa tulunan su yi baƙi.

"Hayaƙi ne," in ji Baba. "In wuta ta gama sai in toshe murhun, hayaƙin ya shiga jikinsu. Wannan baƙin ko shekara ɗari kina wanke shi ba ya zuba." Ya ɗan kalli gefe, idonsa yana ƙyalli. "Ba kamar na waɗansu ba."

Daga wajen hoton wata murya da kowa ya sani ta ce, "Da wa kake, Kalman?"

Sai ga Kawu Dezso ya shigo cikin allon, gashin baki baƙi ƙirin, yana gaya wa matar cewa shi ya koya wa Baba riƙon wuyan tulu. Ya sunkuya zai nuna yadda ake yi. Hannun rigarsa ya kama ɗanyen tulun, tulun ya lanƙwashe, ya yi rawa sau biyu a kan faifai, ya zube kamar kunu. Baba ya jefa kai baya ya tuntsire da dariya.

Dariyar ce na manta. Muryar na yi ta nema wata biyar, ban san dariyar ce ta fi ɓace mini ba.

Sai na ji wata a gefena. Mama ce. Tana dariya hawaye yana zuba, ta kasa tsayar da ko ɗaya, tana dukan cinyar yayanta da wasiƙar. Gwaggo ta rufe fuska da ƙyallen kwando. Kawu yana ta jan hanci, yana goge ido da hannun riga, wai tururin safe ne bai gama fita ba.

Allon ya yi duhu. Biyar ta wuce da minti ɗaya. Dattijon ya kalli agogo, ya kalli Mama, ya je ya kulle ƙofar waje da mu a ciki, ya dawo ya sake dannawa.

Kawu ya matsa kusa da shi ya rage murya.

"Na biyun nawa ne?"

"Kyauta."

Ya juyo gare mu, ƙirji ya fara tasowa. "Kun gani? Da mun zo jiya da safe, da sau ɗaya za a..."

"Zauna, tsoho," in ji Gwaggo Etelka, ta matsa masa a benci.

Ya zauna. Sau uku muka kalla.

A jirgin yamma mai komawa gida, da mai duba tikiti ya iso, Kawu ya miƙa katin shaidarsa da yatsa biyu, ya gaya wa duk taragon cewa shi ya daɗe da sanin wannan dabarar, wawa ne kaɗai ke sayen kati. Mama ta jingina kai da taga tana murmushi ita kaɗai, gonakin masara suna wucewa a kan fuskarta.

Nawa katin yana nan har yau, na jefa shi cikin tulun ƙarshe da Baba ya gasa. Washegarin dawowarmu na ɗauki tsumma na goge faifan, na jiƙa yumɓu. Kwana uku bayan haka, ina fara juyawa, inuwa ta rufe ƙofar rumfar.

"Ba haka ake riƙe wuyan ba," in ji Kawu, yana naɗe hannun riga.